Ado da kaya kaɗan: Yadda ake haɗa salon karkara da salon taƙaita kaya a cikin gida

Akwai salo biyu na ƙawata ɗaki da hotunansu ke yawo a wayoyin jama'a, kuma masu gidaje da yawa kan so su kwaikwaya ba tare da sun ɗauko ƙwararre ba. Na farko shi ne salon karkara, wanda Turawa ke kira rastik. Ana gane shi da katakon da ba a ɓoye jijiyarsa da fenti ba, da tukwanen ƙasa, da tabarmi, da fata, da bangon da ake ganin sawun hannun magini a jikinsa. Na biyu shi ne salon taƙaita kaya, wato minimalizim, wanda ke neman a rage kayan ɗaki har sai abin da ake amfani da shi kaɗai ya saura, a bar fili da haske su yi aikin ado.

A ido, salon biyu kamar kishiyoyi suke. Amma kowannensu yana da aibin da ɗan'uwansa ke gyarawa. Ɗakin da aka cika da kayan karkara ba tare da ƙa'ida ba yakan koma kamar rumfar mai sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi. Wanda kuma aka kwashe komai daga cikinsa, aka bar farin bango da tayil mai sheƙi, yakan yi kama da ɗakin jiran likita. Haɗin da ke yin kyau shi ne a ɗauki tsari da yawan kaya daga salon taƙaitawa, sannan a ɗauki irin kayan daga salon karkara. A taƙaice, kaya kaɗan, amma na gaske.

Inda salon biyu suka samo asali

Kalmar rastik ta fito ne daga kalmar Latin da ke nufin ƙauye ko karkara. Ba wani mai zane ne ya ƙirƙiro salon ba. Gidajen manoman Turai da Amurka ne, waɗanda aka gina da dutse da itacen da ke kusa saboda babu halin sayen wani abu, daga baya mutanen birni suka ga kyansu suka fara kwaikwayo.

Shi kuwa salon taƙaitawa yana da tarihin da aka rubuta. A shekarar 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar zane da gini ta Bauhaus a garin Weimar na Jamus, inda aka koyar da cewa amfanin abu shi ne ya kamata ya tsara siffarsa. An rufe makarantar a 1933 bisa matsin lambar gwamnatin Nazi, shugabanta na ƙarshe kuma, Ludwig Mies van der Rohe, ya koma Amurka. A can ne ya gina wa wata likita, Edith Farnsworth, gidan gilashi da ƙarfe a jihar Illinois, wanda aka kammala a 1951. Har yau ɗaliban gini na zuwa kallon gidan. Sai dai mai gidan ta koka cewa zama a cikinsa da wuya, domin babu inda za ta ɓoye komai, kuma rigimar kuɗin aikin sai da ta kai su kotu. Labarin yana da amfani ga duk wanda hoton ɗaki marar kaya ya ruɗa: hoto ba ya nuna inda aka ajiye takalman yara da butar alwala.

Mutanen Japan sun riga Turai haɗa salon biyu da ɗaruruwan shekaru. Sen no Rikyu, gwanin shirya shayi da ya rasu a 1591, ana danganta masa wani ɗakin shan shayi kusa da Kyoto mai suna Tai-an, wanda faɗinsa tabarma biyu ne kacal, bangonsa na laka ne da ake ganin ciyawa a ciki. Ra'ayin da ke bayan wannan, wanda suke kira wabi-sabi, shi ne akwai kyau a cikin abin da ya tsufa, ko ya ɗan karkace, ko aka yi shi da hannu. A 'yan shekarun nan masu sayar da kayan ɗaki sun gwama wannan da salon ƙasashen arewacin Turai irin su Denmark da Sweden, suka raɗa masa suna Jafandi.

Abin da maginan Hausa suka riga suka sani

Wanda ya taɓa shiga tsohon zaure a Kano ko Zariya ko Damagaram ya ga wannan haɗi tun kafin a ba shi suna. Bango ne mai kauri na tubali, rufi na azara, daɓe a ƙasa, dakali a gefe, sai buzu ko tabarma, da alkuki a jikin bango inda ake ajiye fitila. Ban da waɗannan babu komai, kuma babu wanda ya taɓa cewa zauren bai cika ba. Adon yana jikin ginin ne: a lanƙwasar bakan gizo, da yadda aka jera azara, da zanen da aka fitar a saman ƙofa.

Kayan aikin ma duk na gida ne. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ita ke ƙarfafa daɓe da yaɓe, ta ba su launin ja mai duhu. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya shiga, haɗi ne na katsi daga karofi, da gashin jima daga majema, da dafara. Wato sana'ar rini da ta jima suna ciyar da sana'ar gini da abin da suka zubar. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, shi ne misalin da masana gini suka fi ambata. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano kuma a buɗe suke ga mai son ya ga yadda haske ke sauka a kan bangon ƙasa.

Wannan ilimi bai mutu ba. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara suna da makarantar firamare ta laka da ya gina a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi daraja a fagen zanen gini. Saboda haka mai gidan da ya ajiye randa a falonsa bai koma baya ba.

Duk da haka, yawancin masu karatu a gidan bulo da siminti suke zaune, da yawa kuma na haya ne. Ba za su rushe bango su sa azara ba. Abin da za su iya ɗauka daga tsohon zaure shi ne ƙa'idarsa.

Ragewa kafin saye

Aikin farko ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne mafi wuya. A fitar da duk abin da ke cikin ɗakin da za a gyara, a share, sannan a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake amfani da shi kullum ya koma. Abin da ake ɗaukowa sau ɗaya ko biyu a shekara, kamar manyan kuloli da farantan Sallah, ya tafi ma'ajiya. Abin da aka manta ma yana nan, a sayar ko a bayar. Yana da kyau a zauna da ɗakin a haka har mako biyu kafin a sayi wani sabon abu, domin a lokacin ne ake gane abin da ake buƙata da gaske.

A nan ne salon ke karo da al'ada, kuma bai kamata a raina wannan karo ba. A ƙasar Hausa jere mutunci ne. Iyayen amarya kan yi shekaru suna tara kayan ɗaki, kuma daga zamanin ƙore da tasoshi zuwa na kwalla da samira, har zuwa na tangaran da shokes, cikar ɗaki ita ce shaidar cewa yarinya tana da gata. Matar da ta rage kayanta za ta iya jin 'yan'uwa suna tambaya ko wani abu ya faru ne. Sannan kayan ɗaki mallakar mace ne. Maigidan da ya ga hoto a waya ya dawo yana cewa a fitar da kabad, ba da nasa yake kyauta ba, kuma gyaran da aka fara da irin wannan umarni ba ya ƙarewa lafiya. Mafita mafi sauƙi ita ce a fara da wurin da babu gardama a kansa, kamar falon baƙi ko ɗakin maigida. A ɗakin uwargida kuwa, idan ta amince, a zaɓi kaɗan daga cikin mafi daraja, misali kumbo uku na gado ko akushin kaka, a ba su kanta guda su kaɗai, sauran a adana su a rufe. Abu uku a kan kanta sun fi talatin jan ido, domin talatin ɗin junansu suke rufewa.

Bango, launi da daɓe

Bango shi ne mafi girman abin da ido ke gani, don haka daga nan launin ɗaki ke tashi. Wannan salo yana son launukan ƙasa: fari mai ɗan duhu kamar madara, ruwan toka mai haske, ruwan rairayi, ruwan ƙasa, da jan birji. Masu ƙawata ɗaki suna da wani ma'auni da suke bi, cewa kashi 60 cikin 100 na abin da ake gani ya zama launi guda mai sanyi, kashi 30 ya zama na biyu, wanda galibi launin katako ne, kashi 10 kuma ya zama launi mai ƙarfi. Ba doka ba ce, amma tana hana mutum wuce gona da iri. Ga kashi 10 ɗin nan, da wuya a sami abin da ya kai shuɗin baba na marina kyau a gefen farin bango da katako.

Fenti marar sheƙi ya fi dacewa, saboda mai sheƙi yana tona duk wani tudu da kwarin filasta, kuma yana maido da haske da kaifi. Lissafin sayensa ba shi da wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe, wato kimanin mita 3.6, da tsayin bango mita 3, yana da bangon da ya kai murabba'in mita 43. Idan aka cire ƙofa da taga, sai ya dawo kusan 39. Lita guda ta fentin ruwa mai kyau takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya, don haka shafa biyu za ta ci kimanin lita 8. Fenti mai araha ba ya kai wannan, sabuwar filasta kuma tana shan fiye da haka.

Farar ƙasa tana ba da abin da fenti ba ya bayarwa, wato launin da ba ya tafiya daidai, wani wuri ya yi haske wani ya ɗan yi duhu, kamar gajimare. Ana dama ta ta yi ruwa-ruwa kamar madara, a ɗan jiƙa bangon, a shafa siriri sau uku ko huɗu, ana bari kowace shafa ta bushe. Tana jiƙe ba ta nuna kanta, sai ta bushe take yin fari, don haka kada a yi gaggawar ƙara kauri. Wasu kan zuba ɗan ƙaro a ciki don kada ta riƙa bin riga. Ba ta kama bangon da aka taɓa yi wa fentin mai. Irin ta buhu da ake saya a shagon kayan gini tana cin fata kuma tana da haɗari ga ido, sai da safar hannu da tabarau.

Wanda gidansa na ƙasa ne ya yi hattara da shafa masa siminti kai tsaye. Laka tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa yana tare ta a ciki, bayan 'yan damuna sai filastar ta ɓamɓaro da naman bangon.

Game da ƙasa, ba lallai ne a fasa tayil ba. Idan mai sheƙi ne, babbar tabarma ko darduma marar zane mai yawa za ta kashe ƙyallin. Mai sabon gini kuwa zai iya zaɓar tayil marar sheƙi mai launin tukunya, ko siminti da aka goge sumul aka shafa masa abin kariya. Haka ma sili: POP mai hawa uku da fitilu masu launi ba ya tafiya da wannan salo ko kaɗan. Shimfiɗaɗɗe fari ya wadatar.

Katako

Idan za a kashe kuɗi a wuri guda, to a kashe a katako. Tebur ɗaya ko benci ɗaya na katakon gaske yana iya ɗaukar nauyin ɗaki gaba ɗaya, alhali allon garin katako da aka manna wa leda mai zanen itace yakan kumbura da zarar ruwa ya taɓa shi, kuma ba ya gyaruwa. Araha ba ta ado. Maɗaci da iroko suna da ƙarfi da kyan launi. Ƙirya, wadda masassaƙa ke yin turmi da ita, tana da nauyi da juriya. Malaina da obeche sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, amma ba su kai waɗancan ƙarko ba, obeche kuma ƙwari na son sa. Maɗobiya tana da kyau ƙwarai, sai dai an yi mata mummunar sara don fitarwa zuwa China, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ke taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Wanda ya samu tsohuwar ƙofa ko tsohon gado na irin wannan itace ya gyara, ya fi wanda ya sa aka sare sabo.

Babbar matsala a kasuwannin katako ita ce ɗanyen katako. Ana kawo shi daga kudu da laimarsa, kafinta ya haɗa tebur da shi, hunturu na kamawa ya tsage ko ya lanƙwashe. Hanyar kauce wa haka ita ce a sayi katakon da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakanin alluna don iska ta ratsa, a bar shi ya yi watanni. A kuma faɗa wa kafinta tun farko cewa ba a son sassaƙar fure, ba a son fenti, ba a son folish mai ƙyalli kamar madubi. Da yawansu za su ɗauka aikin bai ƙare ba, sai an dage.

Gyaran tsohon katako aiki ne da mutum zai iya yi da kansa a ranar hutu. Ana gogewa da samfefa mai kaushi, lamba 80, sannan 120, a ƙare da 220, kullum ana bin tsawon jijiyar itacen. A share ƙurar, a shafa kakin zuma ko man katako marar sheƙi, a goge da tsumma. Idan akwai tsohon fenti a jiki, a yi aikin a waje, a rufe hanci, a nisantar da yara, domin tsofaffin fentin mai da yawa suna ɗauke da gubar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

'Yan kasuwar da ke karɓar kaya daga kwantena suna da wata dama, wato katakon falet da ake ɗora kaya a kai. Ana yin kanta da benci da shi. Sai dai a duba hatimin da ke jikinsa. Haruffan HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, wannan ba laifi. MB na nufin an yi masa feshin wani sinadari mai guba, gara a bar shi a waje. Wanda kuma mai ko wani sinadari ya zuba a kansa, kada ya shiga ɗaki.

Kayan hannu, da yadda ake zaɓensu

A nan mai gida a arewacin Najeriya ya fi takwaransa na Landan sa'a, domin abin da wancan ke saya da tsada a shagon kayan waje, wannan a bakin hanya yake wuce shi. Tabarmar kaba, faifai, adudu, asabari, ƙwaryar da aka yi wa zane da wuta, tumtum da filon fata daga dukawan Kano da Sakkwato ko na Naraguta a Jos, tiren tagulla na Bida, luru da gwado daga masaƙa, da zanen da aka rina a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Tukwanen ƙasar Gwari ma suna da suna tun kafin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta kai su baje koli a Turai.

Yawan zaɓin shi ne tarkon. Mutum ya shiga Kurmi da niyyar sayen faifai biyu ya fito da buhu guda, sai ɗakin ya koma inda ya fito, kawai an sauya tangaran da ƙwarya. Ƙa'idar da ke taimakawa ita ce kowane bango ya ɗauki abu guda, aƙalla bango ɗaya kuma a bar shi fayau. Babban abu ɗaya ya fi ƙanana goma: zane guda na rini mai faɗin mita ɗaya da rabi da aka rataya a sanda, ko randa guda a lungu. Idan faya-fayai za a jera, a tara uku ko biyar a wuri ɗaya maimakon a warwatsa su. Tsakiyar abin da aka rataya ya kasance kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Idan a ƙasa ake zama a ɗakin, a sauke shi kaɗan.

Abin da yake aiki ya fi abin da aka ajiye don kallo kawai. Randar da ke sanyaya ruwa, da adudun da ake zuba kayan wasan yara a ciki, da tsohon turmin da aka kife aka mayar wurin ajiye kofi, duk suna biyan kuɗin wurin da suka tare. Kwaikwayon roba na ƙwarya ko takardar bango mai hoton tubali kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Wurin zama da baƙi

Hotunan da ake gani na wannan salo galibi na gidajen mutum biyu ne da ba su cika yin baƙi ba. Falon Bahaushe kuwa zai iya ɗaukar mutum uku yau, gobe a yi suna ko gaisuwa ya ɗauki ashirin. Amsar da aka saba bayarwa ita ce saitin kushin mai kujeru bakwai da ke cinye ɗakin duk shekara saboda kwana biyar. Amsar tsohon zaure ta fi wannan dabara. A ajiye doguwar kujera ɗaya mai kyau da gajerun ƙafafu don dattawa da masu ciwon gwiwa, da benci ko kujera ɗaya ko biyu, sauran kuma tumtum da filo da tabarmi waɗanda ake naɗewa a ajiye. Tsakiyar ɗakin ta zauna a buɗe don sallah da cin abinci da rarrafen yara.

A bar hanyar wucewa mai faɗin santimita 75 zuwa 90 tsakanin kaya, da kimanin 40 zuwa 45 tsakanin kujera da teburin tsakiya. Kafin a sayi kowace kujera, a auna ɗakin, a shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa daidai girmanta, a yi kwana biyu ana zagaya su.

Ma'ajiya ita ce ƙashin bayan duk wannan tsari. Kabad guda mai ƙofofi marasa gilashi, wanda aka yi wa launin bango har ya kusa ɓacewa, zai haɗiye abin da kantoci biyar ke bajewa. Bencin da murfinsa ke buɗewa yana ɗaukar tabarmi. Wayoyin talabijin da dikoda da na inbata su bi ta cikin bututun roba mai launin bango. Duk kanta mai tsawo a ɗaure ta da bango da ƙusa mai ƙarfi, saboda yara na hawa.

Haske

Ƙwan fitila fari fat mai ɗan shuɗi, wanda a kwalinsa ake rubuta 6500K, shi ya fi yawa a kasuwa, kuma yana kashe launin katako da na ƙasa. Wanda ya dace shi ne mai ɗumi, 2700K zuwa 3000K. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60, don haka ba ya nauyi ga mai sola ko inbata, kuma da yake ba ya zafi sosai, ana iya rufe shi da kwando ko ƙwaryar da aka huhhuda. Tsohon ƙwai mai zafi kada a kusantar da shi ga kaba. Fitilu biyu ko uku a ƙasa-ƙasa, a lunguna daban-daban, sun fi guda ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar sili. Labule kuwa na auduga marar ado, a ɗaga sandarsa santimita 10 zuwa 15 sama da taga. A tagar da ke fuskantar yamma, inda ranar Afrilu ke dukan ɗaki, asabari a waje ya fi labule mai kauri a ciki, domin yana tare zafin tun bai ratsa gilashi ba.

Ƙura, gara da damina

Kayan karkara rayayyu ne ta wata fuska, suna buƙatar kulawa. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu tana shiga saƙar kwando da tabarma, sai an riƙa fitar da su ana kakkaɓewa duk mako. Wannan ma wata hujja ce ta taƙaita su, domin abu biyar ana iya share su kafin a tafi ofis, hamsin kuwa sai dai a zuba musu ido. Fata takan bushe ta tsage da hunturu idan ba a shafa mata ɗan mai ba, da damina kuma ta yi fumfuna idan tana jingine da bango mai laima. Randa ta zauna a kan mazauni da faranti a ƙarƙashi, don kada zufarta ta ɓata daɓe.

Tsohon katako ko tabarmar da aka sayo daga hannu a shanya su a rana ta kwanaki, a duba lungunansu saboda kuɗin cizo. Garin katako mai laushi a ƙarƙashin tebur alama ce cewa ƙwaro na ci daga ciki. Layin ƙasa a jikin bango kuma hanyar gara ce, kuma idan aka gan ta, a janye duk wani katako daga wurin kafin a kira mai feshi. Kaskon turaren wuta ya zauna a kan tayil ko tire, nesa da kaba da labule.

Ɗan haya da ma'aikacin da za a iya yi wa canjin wurin aiki kowane lokaci su zuba kuɗinsu a abin da ke shiga mota: tebur, benci, darduma, fitilu da labule. Fenti da huda bango sai da izinin mai gida, kuma ya fi kyau izinin ya kasance a rubuce, tare da bayanin ko za a mayar da bangon launinsa na da a ranar tashi. Inda aka hana buga ƙusa, ana jingina madubi ko allon zane a kan benci, a rataya zanen rini a tsanin gora da aka tokare da bango.